Ciwon da Ba Ya Ƙarewa da Sadakar da Ba Ta Yankewa

Akwai wata mas'ala da nake ganin ya kamata malamanmu da attajiranmu na zangunan Kurmi, musamman na Agege da sauran unguwannin Hausawa na birnin Ikko, su zauna su dube ta da idon basira, domin ko da yake a zahiri magana ce ta kuɗi da asibiti, a haƙiƙa magana ce ta fiƙihu da ta fahimtar hikimar da ke cikin ciyarwa saboda Allah. Mas'alar kuwa ita ce: idan Allah Maɗaukakin Sarki ya jarrabi bawansa da ciwon da ba ya kisa da wuri, ba ya kuma warkewa, ciwon da zai zauna tare da shi shekara ashirin ko talatin yana rage masa ƙarfin nema kaɗan kaɗan, wace irin sadaka ce ta dace da wannan bawa, kuma a wuyan wa nauyinta ya rataya?

Duk wanda ya san Agege ba zai ce Hausawanta ba su da kyauta ba. Tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa, wadda aka soma shimfiɗawa daga Ikko a 1896, ta isa Ibadan a 1901 ta kuma isa Kano a 1911, goron da manoman Yarabawa ke nomawa a yankin Agege da Ota ya shiga janyo fataken da kakanninsu sai sun yi tafiyar watanni zuwa Gwanja kafin su same shi. Suka sauka, suka kafa zango, suka yi sarkinsu da limaminsu, suka kuma tsayar da al'adar nan ta maigida da baƙonsa, wadda ta sa mutum zai sauka daga jirgi bai san kowa ba, amma ba zai kwana da yunwa ba. Har gobe wannan hali yana nan. Idan aka yi rasuwa, kafin a gama wanka an haɗa kuɗin likkafani. Idan gobara ta ci rumfunan kasuwa, kafin toka ta huce an fara karo-karo. Idan azumi ya kama, kunu da ƙosai ba sa yankewa a ƙofar masallatai. Idan mota ta buge ɗan dako, bayan sallar Juma'a za a miƙe a yi sanarwa, kowa ya sa hannu a aljihu. Waɗannan duka ayyukan alheri ne, muna kuma fatan Allah ya karɓa. Sai dai idan mai hankali ya yi nazarinsu zai ga sifa guda ta haɗa su, wato dukkansu sadakokin gaggawa ne, waɗanda tausayi ke tayarwa a lokacin da musiba take ɗanya, su kuma kwanta da zarar ido ya saba da ganinta.

To, ciwon ƙashin baya ba ya cikin musibun da ke faɗowa rana ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa da asuba a kasuwar Mil 12 ya ga yadda samari ke sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, mutum ya duƙa, biyu su ɗora masa buhu a wuya, ya miƙe yana rawar ƙafa. Ko ya ga masu saɓa cinyar sa a mayankar Oko-Oba, ko 'yan ga-ruwa suna tura kura mai jarkoki goma ko fiye a kan titi mai ramuka, ya san cewa jama'armu da yawa da gadon bayansu suke cin abinci. Bayan shekaru gaɓɓan ƙashin bayan sukan goge, faifan da ke tsakaninsu ya motse, jijiya ta danne, ciwo ya sauka daga kwankwaso har tafin ƙafa. Akwai kuma wani nau'i na amosanin ƙashin baya wanda ba nauyi ke kawo shi ba, kumburi ne daga cikin jiki, wanda galibi yakan fara tun mutum yana saurayi, kafin ya kai shekara 45. Alamarsa ita ce hutu yana ƙara shi, motsi yana rage shi: yakan tayar da mai shi cikin dare, da safe kuma bayansa ya sandare fiye da rabin sa'a kafin ya saki, idan kuwa aka bar shi, a wasu mutane gaɓɓan sukan manne da juna har mutum ya kasa duƙawa ko waiwaye. A 1973 masana suka gano yana da alaƙa da wata alama ta gado a cikin jini, wadda ta fi yawa a Turawa fiye da mutanen Afirka ta Yamma, abin da ya sa ba a cika zaton sa a ƙasashenmu ba, mai fama da shi kuma yakan daɗe ana ce masa sanyin ƙashi ne ko gajiya. Ban da waɗannan akwai tarin fuka da ke kama ƙashin baya har ya fitar da doro, wanda shi yana warkewa da magani idan aka gane shi da wuri.

Ka duba ƙarshen sahu a masallatan unguwa, ya ɗan'uwa mai karatu, za ka ga mutumin da nake nufi. Bai tsufa ba, gemunsa bai gama furfura ba, amma yana zaune a kan kujerar roba, idan liman ya yi ruku'u sai ya ɗan sunkuyar da kai, idan aka yi sujada ya ƙara sunkuyarwa, idan aka yi sallama kuma sai ya juya kafaɗarsa gaba ɗaya domin wuyansa ba ya juyawa shi kaɗai. Shari'a ta yi masa rangwame, sallarsa ingantacciya ce, ladansa kuma cikakke in Allah ya so. Amma kasuwa ba ta yi masa rangwame ba, mai gidan haya bai yi masa ba. Daga masallaci zai bi ta kemis a ƙulle masa ƙwayoyi kala uku ko huɗu a leda, ya haɗiye domin ya samu ya yi dakon yini guda, alhali irin waɗannan magunguna na kashe zafi, idan aka daɗe ana shan su ba tare da kulawar likita ba, suna jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda. Ya gwada ƙaho, ya gwada jiƙo, an haɗa masa kuɗi sau ɗaya ya je asibiti an ɗauki hoton ƙashi, aka ce ya dawo bayan wata guda, ya kuma riƙa zuwa gashin ƙashi duk mako. A nan ne zancen ya tsaya, domin kunya ba za ta bar shi ya sake miƙewa gaban jama'a ba, jama'a kuma suna ganin sun riga sun sauke nasu nauyin.

Fataken goro sun fi kowa sanin abin da nake son faɗa. Huhun goro ba a ɗaure shi sau ɗaya a jingine a manta da shi. Dole a riƙa kwance shi lokaci lokaci, a tsince wanda ya fara lalacewa, a sake ganye, a yi masa yayyafi, in ba haka ba dukiyar ta tafi ko da an saye ta da tsada. Haka mai ciwon amosanin baya yake: abin da yake bukata ɗan kaɗan ne amma a kai a kai, wato motsa jiki irin wanda masana suka tsara, da ganin likita a kan lokaci, da maganin da aka auna, da kuɗin mota zuwa asibiti, da sauya masa sana'a zuwa wadda ba ta ɗaukar kaya. Ya kuwa inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ƙanƙane ne. Mukan fassara wannan a kan nafilfili da wuridi kawai, alhali ciyarwa ma tana ciki.

Mai tambaya zai ce, ashe ba don irin wannan aka wajabta zakka ba? Haƙiƙa zakka rukuni ce, kuma mara lafiyar da ciwo ya talauta yana cikin kashi takwas ɗin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Amma zakka tana da ƙa'idojinta: sau ɗaya take zagayowa a shekara, kuma a wurin jumhurun malamai asalinta shi ne a mallaka wa mabukaci ita a hannunsa, saboda haka ba a cika yarda a gina ɗakin shan magani da ita ba, ko a mai da ita albashin ma'aikaci na dindindin. Wannan giɓi ne Shari'a ta cike da wakafi, wanda littattafanmu na Malikiyya ke kira hubusi. Asalinsa sananne ne: Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya sami wata gona a Haibara wadda bai taɓa mallakar dukiyar da ta fi ta daraja ba, ya nemi shawarar Manzon Allah, aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta; sai ya sharɗanta kada a sayar da ita, kada a bayar kyauta, kada a gaje ta, amfaninta ya tafi ga matalauta da dangi da 'yanta bayi da matafiya da baƙi, mai kula da ita kuma ya ci gwargwadon abin da aka saba. Sayyidina Usmanu kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Malamai sun ce wannan ita ce sadakatul jariya da aka ambata cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwar ɗan Adam. Hikimar da ke ciki kuwa a bayyane take: tausayin mutum yana ƙaruwa yana raguwa, dukiyarsa tana zuwa tana tafiya, shi kansa rai gare shi, wakafi dabara ce ta cire alheri daga hannun waɗannan sauye-sauye, a kafa shi inda fushin mai bayarwa ko karayar arzikinsa ko rigimar magadansa ba za su kai gare shi ba.

Magabata ba su tsayar da wakafi a kan masallatai kaɗai ba. Sarki Nuruddini Zanki ya gina asibiti a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina Asibitin Mansuri a Alƙahira a 1284, kowannensu kuma an tsayar masa da gonaki da shaguna da gidajen haya waɗanda kuɗinsu ke biyan likitoci da magani da abincin majinyata, har suka yi ɗaruruwan shekaru suna aiki bayan daulolin da suka gina su sun shuɗe. Babban likita Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, gidansa da littattafansa ya bar wa Asibitin Mansuri. Ba kuma za mu ce wannan al'adar Larabawa ce da ba ta shafe mu ba, domin tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Misira, ta zama masaukin ɗalibansu da mahajjatansu, suna kuma aika mata da kuɗi daga gida, kamar yadda Maƙrizi ya ambata. Waɗannan mutane ne da suka yi tunanin ɗan'uwansu da ke zaune a baƙunta, irin zaman da muke yi a Ikko.

Abin lura kuma shi ne, sauran al'ummu sun isa ga irin wannan hikima, suna kuma cin moriyarta a yau. A Ingila tun 1601 aka yi dokar da ta tsara dukiyar da ake damƙa wa amintattu domin ayyukan jinƙai, kuma daga irin wannan tsari ne Gidauniyar Wellcome ta fito a 1936 bisa wasiyyar wani attajirin mai harhaɗa magunguna, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin binciken lafiya a duniya. A 1976 kuma wasu masu fama da amosanin ƙashin baya mai kumburi, tare da likitocinsu, suka kafa ƙungiyar da ake kira NASS, wadda ke da rassa a garuruwa inda majinyata ke haɗuwa su motsa jiki ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gashin ƙashi, tana amsa tambayoyinsu, tana kuma fafutukar rage jinkirin gano ciwon, wanda ko a can yakan kai kimanin shekara 8. Abin da take gudana da shi kuwa yana fitowa ne daga kuɗin mambobi da gudummawar jama'a da wasiyyoyin mamata da tallafin gidauniyoyi. Idan ƙasar da hukumarta ke kula da lafiyar kowa kyauta ba ta wadatu daga wannan aiki ba, ina ga ƙasarmu, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa?

A nan ne muka iso ga zuciyar mas'alar. Me ya sa attajirinmu, idan ya yi niyyar sadaka mai gudana, ba abin da ke fara zuwa masa sai masallaci, ko da kuwa akwai wani masallacin da ake jin kiran sallarsa daga ƙofar gidansa? Ba na musun falalar gina masallaci, nassi ya tabbatar da ita. Amma malaman usulu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kuma jinyar wanda ya kasa jinyar kansa farali ne na kifaya, wanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ƙara masallaci a inda masallatai suka wadata kuwa mustahabbi ne, mustahabbi kuma ba ya gabatar farali. Akwai kuma wani abu da ya kamata kowannenmu ya binciki zuciyarsa a kai. Gini ana ganinsa, ana buɗe shi da taro, ana kiransa da sunan mai shi. Albashin ma'aikacin jinya da kuɗin motar majinyaci kuwa ba wanda ke ganinsu sai Allah. Idan sadaka biyu suka zo daidai a amfani, wadda ta fi ɓoyuwa ta fi kusa da ihlasi. Ina kuma ga idan ɓoyayyiyar ce ta fi amfani?

Wani zai ce, Allah ya gafarta Malam, ai ciwo ƙaddara ne kuma kaffara ne, abin da ya kamaci mai shi haƙuri. Gaskiya ne, haƙuri ado ne ga majinyaci, Annabi Ayyuba kuma abin koyi ne. Amma haƙuri umarni ne da aka yi wa mai ciwo, ba uzuri ne da aka bai wa mai lafiya ba. Shi an jarrabe shi da ciwonsa, mu an jarrabe mu da shi. Annabi Ayyuba ma ya kai kukansa ga Ubangijinsa, aka kuma umarce shi da ya riƙi sababi, ya yi wanka ya sha daga ruwan da aka ɓuɓɓugo masa. Wani kuma zai ce aikin hukuma ne. Lalle hukuma tana da nata nauyin, tana kuma da Asibitin Ƙashi na Igbobi, wanda ya faro a matsayin wurin kula da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, da na Dala a Kano da aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, kusa da wata tsohuwar unguwar Hausawa. A 2022 kuma an yi sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Sai dai tsakanin ɗakin ɗan dako da ƙofar likita akwai tazarar da hukuma ba ta cike ta: wanda zai gaya masa inda zai je, ya yi masa tafinta, ya biya masa rajistar inshora, ya riƙe iyalinsa ranar da bai fita nema ba. Wannan tazara ta maƙwabta ce.

Uzurin da ya fi kowane nauyi shi ne na amana. Mutane sun ga dukiyar jama'a ta salwanta a hannun waɗanda aka damƙa wa, sun ga magada sun mai da filin makaranta gidan haya, don haka suka gwammace su miƙa sadakarsu hannu da hannu. Wannan tsoro yana da dalili, amma maganinsa tsari ne, ba bari ba. Fuƙaha'u sun yi dogon bayani a kan naziri, wato mai kula da wakafi, da sharuɗɗansa da hakkin alƙali na tsige shi idan ya ci amana. Dokar ƙasa kuma ta ba da damar yi wa ƙungiya rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta yadda dukiya za ta zauna da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba. Ba kuma daga kanmu za a fara ba: Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato da Zamfara suna da nasu hukumomin, a Legas ɗin nan kuma 'yan'uwanmu Musulmi sun kafa Gidauniyar Zakka da Sadaka tun 2000, wadda taimakon marasa lafiya yana cikin ayyukanta.

Mazhabarmu ta Imamu Malik kuwa ta buɗe ƙofar sosai. Ta halatta wakafin abin da ake iya ɗauka, kamar mota ko na'ura ko littattafai. Ta halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci, ta yadda mutum zai iya cewa kuɗin hayar shagonsa na shekara goma na majinyata ne, bayan nan ya koma ga iyalinsa. Ta halatta a tsayar da kuɗi domin bayar da rance marar ruwa, wanda da shi ɗan dakon da bayansa ya gaza zai iya kafa tebur ya koma sayar da kaya a zaune. Sharaɗin da ta tsananta a kansa shi ne hauzi, wato mai wakafi ya fitar da abin daga hannunsa tun yana da lafiya da wadata, domin idan ya riƙe shi har mutuwa ta riske shi wakafin ya ɓaci, idan kuma a ciwon ajali ya yi shi, daga sulusin dukiya kawai za a fitar. Saboda haka abin da nake kira gare shi ba ya fi ƙarfinmu: 'yan kasuwar goro da na shanu da na gwari su haɗa hannu, da sanin sarakunan zango da limamai, su sayi gida ko jerin shaguna, a rubuta takardar wakafi da shaidu, a naɗa amintattun da ba dangin juna ba tare da likita a cikinsu, kuɗin haya ya biya ma'aikacin gashin ƙashi da zai riƙa zuwa unguwa duk mako, da wata mace domin mata, ya biya inshora da kuɗin gwaji, a kuma riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. Idan wannan tushe ya tsaya, to, a lokacin ne za a iya ƙwanƙwasa ƙofar manyan gidauniyoyi irin ta Aliko Ɗangote ko ta T. Y. Ɗanjuma, domin mai tallafi ya fi sakin hannu ga waɗanda suka fara da nasu kuma suke da littafin lissafi.

Nasiha biyu suka rage ga mai niyyar yin wakafi. Ta farko, sharaɗin da ya rubuta zai ɗaure waɗanda za su zo bayansa, don haka kada ya ƙuntata shi har ya hana biyan albashi da gyaran gini da kuɗin wuta, domin na'urar da ba ta da mai sarrafa ta ba ta jinyar kowa. Ta biyu, kada ya rufe ƙofa ga maƙwabci. Malamanmu sun halatta wakafi ga wanda ba Musulmi ba da ake zaman amana da shi, Yarabawan da suka ba kakanninmu masauki kuma suna da hakkin maƙwabtaka a kanmu, ciwon baya kuwa bai san ƙabila ba.

Amsar mas'alar da muka ɗauko ke nan gwargwadon fahimtata: ciwon da ke dawwama sadaka mai dawwama yake bukata, nauyinta kuma yana kan jama'a baki ɗaya har sai wasu sun tsaya sun sauke shi. Dukiyar da za ta yi wannan aiki tana nan a zangunanmu, fiƙihunsa yana cikin littattafan da muke karantawa a zaure, dokar ƙasa ba ta hana ba. Abin da ya rage shi ne mutum na farko da zai kira shaidu ya sa hannu tun yana da lafiya. Allah ya ba majinyatanmu sauƙi, ya sanya albarka a dukiyar masu ciyarwa, ya kuma nufe mu da aikin da zai ci gaba da amfanar bayinsa bayan an rufe littafinmu. Amin.